Guzurin jirgin sama: Dalilin da ke sa a sauke matafiyi a garin da bai nufa ba

Duk ɗan kasuwar da ke zaune a Madarumfa ta Jihar Maraɗi, namiji ne ko mace, idan tafiyar Jidda ko Dubai ko Alƙahira ta kama shi, ya san cewa ɗawainiyar tana farawa ne tun bai ga jirgi da idonsa ba. Madarumfa ba ta da filin jirgin sama, wanda ya fi kusa shi ne na Maraɗi da ke da tazarar kilomita 20 da 'yan kai, shi kuma manyan jiragen ƙetare ba su saba sauka a cikinsa ba. Saboda haka ko dai mutum ya bi ta Ɗan Isa ya tsallaka Jibiya, ya ratsa Katsina ya isa Kano, ko kuwa ya hau bas ya sha tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai.

To, mai karatu ya ɗauka wata Hajiya ce ta yi duk wannan ɗawainiya, ta je ta saro dogayen riguna da mayafai da turaruka da kuɗin adashinta da na 'yan uwan da suka ba ta saƙo, ga Sallah ta matso, ga masu jiran kaya sun ƙosa. Jirgi ya taso da su lafiya, har an ce kowa ya ɗaura ɗamara za a sauka Kano, sai kawai ta ji ya sake cillawa sama, can kuma muryar matuƙi ta sanar cewa hazo ya rufe filin, don haka Abuja za a wuce. Motar da aka ɗauko shata tana can tana jira a Kano, direba yana ƙirga awoyi. Ko kuma a sauka lafiya a inda aka nufa, amma ta tsaya gaban na'urar da ke turo kaya har ta daina juyawa, akwati biyu daga cikin huɗu ba su fito ba, a ce mata an baro su sai jirgin gaba.

A irin wannan lokaci ne ake jin ƙorafi iri-iri. Wasu su ce matuƙin matsoraci ne, wasu su ce kamfanin ne ke rowar mai, wasu kuma su ce ai ga fili nan a Katsina ko Maraɗi, me ya hana a sauka a can? Gaskiya ne sau da yawa kamfanoni na da nasu laifin, musamman wajen ƙin yi wa fasinja bayani da barinsa a yashe ba ci ba sha. Amma shi wucewa wani gari da rage kaya, galibi wata doka ce ta duniya ke jawo su, wato dokar guzurin mai da filin ko-ta-kwana, wadda aka riƙa tsaurarawa bayan an yi asarar rayuka masu yawa, har da nan ƙasar Hausa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro, da Buzayen ayarin gishiri da ke keta hamada daga Agadas zuwa Bilma, ba su taɓa tashi da ka ba. Kafin ayari ya motsa madugu ya san zangon da za a kwana, ya san rijiyar da za a sha, ya kuma san wadda za a nufa idan aka tarar ta farko ta ƙafe. 'Yan ayarin gishiri har ciyawar da raƙuma za su ci zuwa da dawowa suke ɗaurawa tun daga gida, domin babu inda za a same ta a tsakiyar rairayi.

Matuƙin jirgin sama shi ne madugun wannan zamani, sai dai nasa lissafin ya fi tsanani. Idan mai ya ƙare wa mota tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, direba gangarawa zai yi gefen titi ya nemi 'yan bumburutu, ko 'yan ruwa-ruwa kamar yadda ake ce musu a wannan yanki. A sama kuwa babu gefen titi. Abin da aka zuba a tanki kafin a tashi, shi ke nan har sai taya ta sake taɓa ƙasa.

Shi ya sa ba a bar wa kowane kamfani ya yi yadda ya ga dama ba. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Shikago ta 1944, kuma take da hedikwata a Montiriyal ta ƙasar Kanada, ita ce ke shimfiɗa ƙa'idojin, sannan kowace ƙasa ta sanya su cikin dokarta. A Nijar hukumar ANAC ce ke sa ido a kan kamfanoni, a Najeriya kuma NCAA. Masu yi wa jirage jagora a sararin samaniyar Nijar ma'aikatan ASECNA ne, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka da aka kafa a 1959 mai hedikwata a Dakar, wadda ke da makarantar horar da jami'an hasumiya da masu hasashen yanayi a Yamai. Takwararta a Najeriya ita ce NAMA, yayin da NiMet ke ba da labarin yanayi.

Kafin jirgin fasinja ya tashi sai an miƙa wa waɗannan jami'ai takardar shirin tafiya. A cikinta ake rubuta hanyar da za a bi, da tsayin da za a hau, da tsawon lokacin tafiya, da yawan awoyin da man da ke tanki zai iya ɗauka, da kuma sunan filin da za a nufa idan sauka ta gagara a inda aka dosa. Ke nan lokacin da Hajiya ta ji an ce Abuja za a wuce, ba a sama aka yanke shawarar ba, tun jirgin yana ƙasa aka rubuta sunan Abuja, aka kuma zuba man zuwa can.

Yadda ake kasa man jirgi

Man jirgi dangin kananzir ne, kuma da nauyi ake lissafinsa, domin nauyi shi ne abin da ya dami jirgi. Kowace lita tana kai kimanin giram 800. A ƙa'idar ICAO, man da za a tashi da shi kashi-kashi ne, kowane da aikinsa.

Kashi na farko shi ne wanda za a ƙona a ƙasa, daga tayar da inji zuwa gangarawa bakin titin tashi. Na biyu shi ne man tafiya kanta, daga tashi har sauka a garin da aka nufa. Na uku shi ne na ba-zata, wanda aka saba sanya shi kashi 5 cikin 100 na man tafiya, saboda iska na iya juyowa ta tare gaban jirgi, ko jami'an hasumiya su ce a kewaya. Na huɗu shi ne man zuwa filin ko-ta-kwana, wanda ya ƙunshi yunƙurin sauka da ya gagara, da sake hawa sama, da tafiya zuwa wancan filin, da sauka a can. Na biyar shi ne ajiyar ƙarshe, wato man da zai riƙe jirgi mai injin jet yana shawagi na minti 30 a tsayin mita 450 a saman fili, ko minti 45 ga ƙananan jirage masu injin fistan. Bayan waɗannan, doka ta ba babban matuƙi ikon ya ƙara abin da ya ga ya dace idan yanayi bai kwanta masa a rai ba.

Wannan ajiya ta ƙarshe ita ce uwar kuɗi. Kowace 'yar kasuwa ta san riba ake ci, ranar da aka fara sa hannu cikin uwa kuwa karaya ta zo. Haka doka ta ɗauki wannan mai na minti 30. Ana so jirgi ya sauka da shi cif a tanki, ba a taɓa ko ɗigo ba, kuma matuƙin da ya sauka da ƙasa da haka sai ya yi bayani a rubuce, a kuma yi bincike.

Bari mu buga misali da jirgi matsakaici irin Boeing 737, wanda ke shan kimanin tan biyu da rabi a awa guda. A tafiyar awa biyu zai buƙaci kilo 5,000. A ƙara kilo 200 na gangarawa a ƙasa, da kilo 250 na ba-zata. Idan filin ko-ta-kwana na da nisan minti 40, sai a ƙara kamar kilo 1,600, sannan ajiyar ƙarshe kamar kilo 1,100. Jimilla ta haura kilo 8,000. Wato tafiyar da ke cin tan 5, sai an tashi da fiye da tan 8. Babban jirgin alhazai irin Boeing 747, wanda ke shan wajen tan 10 a awa, nasa guzurin ya ninka haka sau da dama.

Wani zai ce to me ya hana a cika tanki fal kowace tafiya a huta? Dalili biyu ne. Na ɗaya, mai kansa kaya ne, ɗaukarsa ma mai yake ci, domin duk ƙarin da aka yi, kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 nasa yana ƙonewa a kowace awa wajen ɗaukar kansa. Na biyu, kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai tashi da shi, da iyakar wanda zai sauka da shi. Idan mai ya cinye nauyin, ina za a sa fasinja da kayansu?

Ba kowane fili ne ke zama na ko-ta-kwana ba

Yanzu sai mu komo kan tambayar mutanen Madarumfa, ta cewa ga fili a Maraɗi ko Katsina. Kusanci kaɗai ba ya sa a zaɓi fili. Dole titinsa ya kasance yana da tsawo da ƙarfin ɗaukar irin wannan jirgi. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ya kai mita 3,300, na Diori Hamani da ke Yamai ma ya haura mita 3,000, alhali wasu filayen ƙananan birane ba su kai haka ba. Dole a duba ko filin yana buɗe a lokacin da za a isa, ko yana da fitilun sauka idan dare ne, ko yana da na'urorin da ke jagorantar jirgi idan ido ba ya gani, da motocin kwana-kwana daidai girman jirgin. Sannan a duba abin da zai biyo bayan sauka. Akwai man da za a ƙara? Akwai matakalar da ta kai ƙofar jirgin? Idan daga ƙetare aka fito, akwai jami'an shige da fice da na kwastan, wato duwan?

Uwa uba kuma yanayi. Doka ta ce sai hasashe ya nuna cewa filin ko-ta-kwana zai kasance a buɗe a lokacin da za a buƙace shi, kuma sharaɗin da ake gindaya masa ya fi na filin da aka nufa tsauri. Ƙasashe da dama kan duba hasashen awa guda kafin lokacin isa da awa guda bayansa. Idan hasashe ya nuna cewa garin da aka nufa shi kansa ba zai saukaku ba, ko babu labarin yanayinsa kwata-kwata, sai an rubuta filayen ko-ta-kwana biyu. Akwai ma na lokacin tashi, domin idan filin da za a bari ya yi duhun da ba za a iya juyowa a sauka ba, jirgi mai inji biyu sai ya sami wani fili da bai wuce tafiyar awa guda da inji ɗaya ba. Idan kuwa garin da aka nufa a keɓe yake, babu wani fili kusa, kamar tsibiri ko tsakiyar hamada, sai jirgin jet ya ɗauki man ƙarin awa biyu.

A yankinmu abubuwa biyu ne suka fi rufe fili, kuma halinsu ya bambanta. Hadarin damina, daga Yuni zuwa Satumba, yana zuwa da iska mai ƙarfi da tsawa, amma mai wucewa ne. Matuƙin da ke da rarar mai zai iya shawagi a gefe na ɗan lokaci, hadari ya wuce ya sauka. Hazon hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, wanda yawancin ƙurarsa ke tasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, yakan yi kwanaki a zaune, kuma ba gari guda yake rufewa ba. Ranar da mai kamun kifi a tafkin Madarumfa ya kasa hango ɗaya gaɓar, akwai yiwuwar a ranar Maraɗi da Katsina da Kano da Damagaram duk suna cikin hazo guda, domin tazarar da ke tsakaninsu a sama ba ta wuce kilomita 250 ba. Rijiyar da ke kusa ita ma ta ƙafe ke nan. Dole a nemi fili mai nisa kamar Abuja ko Legas ko Yamai, kuma nisan nan mai ne.

Wani lokaci hazon har bakin teku yake kaiwa. A watan Fabrairun 2020, jiragen manyan kamfanonin ƙetare da suka nufi Legas sun riƙa karkata zuwa Akara ta ƙasar Gana na tsawon kwanaki, saboda hazo ya haɗu da matsalar na'urar jagorar sauka. Fasinjoji sun sha wahala ƙwarai, amma babu wanda ya rasa ransa.

Darasin Sakkwato da Tamanrasset

Ranar 26 ga Yunin 1991, wani jirgin kamfanin Okada ƙirar BAC 1-11 ya taso daga kudancin Najeriya ya nufi Kano. Rashin kyawun yanayi ya hana shi sauka, sai ya karkata zuwa Sakkwato. A can ma sauka ba ta samu ba, ya yi ta kewaye har mai ya ƙare, ya faɗo a fili 'yan kilomitoci daga filin jirgin. Mafi yawan mutanen da ke ciki sun tsira, amma an rasa rayuka. Wannan ya nuna cewa rubuta sunan fili a takarda bai isa ba, sai an tabbatar a shirye yake ya karɓi jirgi a daidai wannan lokaci.

Shekara uku bayan haka, ranar 18 ga Satumbar 1994, wani jirgin irin wannan ƙira na kamfanin Oriental ya ɗauko 'yan ƙwallon ƙungiyar Iwuanyanwu Nationale ta Owerri daga Tunis za su koma Legas. An shirya zai tsaya shan mai a Tamanrasset ta kudancin Aljeriya, garin da 'yan kasuwar Maraɗi da Agadas suka sani sarai. Da suka iso sai suka tarar ba a gani sosai. Matuƙan suka yi ta yunƙurin sauka na fiye da awa guda har tanki ya bushe, jirgin ya faɗi, mutum 5 suka rasu, biyu daga cikinsu 'yan wasa. A hamada filaye nesa suke da juna, don haka duk mintin da aka ɓata ana sake gwadawa, daga man zuwa wani gari ake cire shi. Akwai lokacin da idan ya wuce, ko an so tafiya babu halin yi. Matuƙin da ya gwada sau ɗaya ko biyu ya haƙura ya wuce, wannan lokacin yake gudu.

Tsofaffi kuma ba za su manta da ranar 22 ga Janairun 1973 ba, lokacin da jirgin Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya, ya kwaso alhazai daga Jidda zuwa Legas. Rashin kyawun yanayi a Legas ya sa aka karkatar da shi Kano, inda ya tarar da hazo da iska. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama da wuta, mutum 176 daga cikin 202 suka riga mu gidan gaskiya. A lokacin shi ne haɗarin jirgi mafi muni da duniya ta taɓa gani. Ba ƙarewar mai ce ta jawo shi ba, amma ya isa tunatarwa cewa filin da aka gudo wa ma sai an auna yanayinsa da kyau. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Can nesa da mu ma an sha irin wannan. Ranar 25 ga Janairun 1990, jirgin kamfanin Avianca na ƙasar Kolombiya ya nufi birnin New York na Amurka, aka sa shi jira a sama na fiye da awa guda saboda cunkoso da mugun yanayi. Filin ko-ta-kwanansa Boston ne, amma jira ya cinye man zuwa can. Matuƙan sun gaya wa hasumiya cewa mai yana ƙarewa, sai dai ba su furta kalmar da za ta sa a share musu hanya nan take ba. Mutum 73 suka mutu. Irin wannan ruɗani ne ya sa tun daga 2012 ICAO ta kafa lafuzza biyu da ba su da harshen damo. Idan matuƙi ya ga ƙarin jinkiri zai kai shi ga taɓa ajiyar ƙarshe, sai ya sanar cewa mai ya zo iyaka. Idan kuwa lissafi ya nuna zai sauka da ƙasa da ajiyar, dole ya furta kalmar neman agaji ta "Mede" sau uku, ya ce matsalar mai ce. Kalmar daga Faransanci aka samo ta, ma'anarta a taimake ni, kuma da zarar an ji ta kowane jirgi sai ya kauce.

Na kusa-kusan nan shi ne na 28 ga Nuwambar 2016, lokacin da jirgin kamfanin LaMia ya ɗauki 'yan ƙwallon Chapecoense ta Burazil daga Santa Cruz ta Bolibiya zuwa Medellin ta Kolombiya. A takardar shirin tafiya an rubuta cewa tafiyar awa 4 da minti 22 ce, man da ke tanki ma na awa 4 da minti 22 ne. Babu na ba-zata, babu na ko-ta-kwana, babu ajiya, kuma ba a tsaya ƙarin mai a hanya ba. Da aka ce su ɗan jira wani jirgi ya sauka, sai injina suka mutu. Mutum 71 daga cikin 77 suka hallaka. Wannan shi ne cin uwar kuɗi ƙiri-ƙiri, kuma babban matuƙin yana cikin masu kamfanin.

Tsakanin mai da akwati

To ina ruwan duk wannan da akwatin Hajiya da aka baro? Nauyin da jirgi zai tashi da shi ƙayyadadde ne, kuma mai da fasinja da kaya duk cikinsa suke. Ranar da hasashe ya nuna hazo, aka ce sai an ƙara tan guda na mai domin isa fili mai nisa, idan jirgin ya riga ya cika maƙil, sai an cire tan guda daga wani wuri. Tan guda ya kai buhun gero 10 masu kilo 100, ko kuma akwati fiye da 40 masu kilo 23. Ba za a rage mai ba, ba a son rage mutane, saura kaya.

Zafi ma yana da nasa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Maraɗi da Kano da Yamai ke haura digiri 40, iska takan yi sako-sako, inji ba ya samun cikakken ƙarfi, fiffike ma ba ya ɗagawa kamar da sanyi. Jirgin da zai tashi da cikakken lodi da asuba, da azahar sai an rage masa, musamman idan titi gajere ne.

Rufe sararin samaniya shi ma yana canza lissafi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe samanta, jiragen alhazan Najeriya da suka saba ratsawa ta can sai suka koma zagaye, har kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane alhaji. A watan Agustan wannan shekara kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, hukumomin Nijar sun rufe sararin ƙasar na kusan wata guda, abin da ya sa jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka riƙa kewayawa, wasu har da tsayawa shan mai a hanya. A irin wannan hali, fili na iya kasancewa a ƙarƙashin jirgi amma ba shi da izinin sauka a cikinsa sai da larurar ceton rai.

Anan ne ya kamata a ja hankalin 'yan uwa 'yan kasuwa a kan wata ɗabi'a. Wasu kan nemi a yi musu alfarma a bakin sikeli, a rubuta kilo 23 alhali jakar ta kai 35, ko su cusa kaya masu nauyi a jakar hannu. Da wannan adadin da aka rubuta ne ake lissafin man da za a zuba da gudun da jirgi zai yi kafin ya ɗaga. Idan mutum 100 kowa ya ɓoye kilo 10, an ɗora wa jirgi tan guda wanda matuƙi bai san da shi ba, kuma mai ɓoyewar yana cikin jirgin.

Abin da ya kamata matafiyi ya yi

Wanda zai yi tafiya a hunturu ko tsakiyar damina ya bar wa kansa rarar kwana ɗaya ko biyu, kada ya ɗaura alkawarin kaya ko biyan bashi a kan ranar saukarsa. Direban da zai ɗauko shi daga Kano ko Yamai zuwa Madarumfa a yi magana da shi tun farko a kan abin da za a yi idan jirgi ya yi latti. Fasfo da kuɗi da zinari da magungunan hawan jini ko ciwon suga da cajar waya da tufafi kala ɗaya su kasance a jakar hannu. A kuma bar ɗan guzurin kuɗi a jiki, kada a zuba komai a kaya.

Idan aka karkata zuwa wani gari, sau da yawa jirgi mai kawai zai sha ya jira fili ya buɗe. Matsa wa ma'aikata a kan lallai sai an buɗe ƙofa ba ya gaggauta komai, domin wanda ya sauka sai an nemo kayansa an sauke, kowa ya ƙara jira. Idan aka ce sai an kwana, wani lokaci awoyin aikin da doka ta yarje wa matuƙa ne suka cika. Amma fasinja yana da haƙƙin a yi masa bayani, ya kuma nemi kulawar da dokar ƙasar ta tanada, cikin lalama ba da hayaniya ba.

Idan akwati bai fito ba, kada a bar filin jirgi sai an je ofishin kaya an cike takardar ƙorafi an karɓi lamba, a kuma adana ɗan tikitin kaya da aka liƙa a bayan tikiti ko fasfo, tare da rasit ɗin sayayya. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Najeriya da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke ciki, kayan da suka lalace ana kai ƙorafinsu a rubuce cikin kwana 7, waɗanda suka yi jinkiri kuma cikin kwana 21 daga ranar da aka karɓe su. Idan kwana 21 suka wuce kaya ba su iso ba, mai su yana da damar neman diyya a matsayin sun ɓata. Diyyar tana da iyaka, don haka mai hajar da ta yi tsada ko yawa gara ya aika ta ta hanyar kago da takardunta.

Hausawa na cewa wani jinkiri alheri ne. Alhaji ko Hajiyar da aka sauke a Abuja maimakon Kano sun yi asarar yini guda da kuɗin mota, wataƙila har da cinikin jajibirin Sallah, kuma babu mai cewa wannan ƙaramin abu ne ga mai ƙaramin jari. Sai dai washegari za su bi hanyar Katsina, su tsallaka Jibiya, su shiga Madarumfa da ƙafafunsu, yara su tarye su a ƙofar gida, akwatin da aka baro ma ya biyo baya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a nema.